Ƙwan Fitilar Da Ya Cinye Min Kuɗin Sallah

Nawa na wannan makon ba na soyayya ba ne, ku yi haƙuri da warin baƙin mai.

Sana'ata sayar da ƙanƙara a nan cikin Daura. Injin da nake dogaro da shi tsohon janareta ne mai shan gas, koren fenti, wanda ya sayar min ya ce gwanjon kayan soja ne. Batir biyu yake ɗauka a jere, bolt 24, kamar babbar mota.

A azumin 2024, ana tsakiyar zafin Maris, lokacin da ƙanƙara ke yin daraja, na murɗa makulli da asuba sai na ji ƙas-ƙas, shiru. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki kuɗin da na ware na ɗinkin Sallar yara na sayo batir biyu sababbi, tsofaffin na sayar wa 'yan jari-bola. Kwana shida, sababbin ma suka kwanta. Wani mai rewaya ya leƙa ya ce altaneta ce ta ƙone, sai an sayo wata.

A daren na kira Kawu a Sandamu. Tsohon soja ne, bakaniken injin wuta, da shi aka je Laberiya aikin ECOMOG a 1990. Ya ce in kai batiran caji, kada in sayi ko noti sai ya zo.

Da safe ya iso da 'yar mitarsa a aljihun jamfa. Ya fara nuna min abin da ban sani ba duk shekarun nan: altaneta biyu ce a jikin injin. Babbar ita ke ba firiza wuta, ƙaramar da bel ke juyawa ita ke mayar wa batir abin da ya kashe wurin tayarwa. Shi ya sa ƙanƙara ke ta daskarewa alhali batir na mutuwa a hankali.

Ya ɗora mita injin na kashe, ta nuna 25. Muka tayar.

"Ɗan nan, me ka gani?"

"Yanzu 24 da ɗoriya, Kawu."

"In tana caji, wajen 28 za ka gani. Ba ta ba shi komai."

Na kai hannu zan cire kan batir in gwada, yadda na ga ana yi a gareji. Ya buge min hannu. Ya ce haka ake kashe altaneta mai lafiya.

Muka kashe. Ya danna bel da babban yatsa, a ɗaure yake. Ya goge kawunan batir, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya murɗa makulli rabi, bai tayar ba, ya tsura wa allon ido.

"Jar fitilar nan, yaushe rabonta da kamawa?"

Na ce tun kafin azumi, kuma wallahi har daɗi na ji, don a tunanina ja alamar matsala ce.

Ya daɗe yana kallona. Ashe a irin wannan haɗin, ta cikin ƙwan nan 'yar wutar farko ke bi ta tada maganaɗisun altaneta. In ƙwan ya mutu, sai ta yi ta juyawa a banza.

Ƙwai mai 24 sai wurin masu kayan manyan motoci na samo shi, kuɗinsa bai kai na ƙanƙara biyu ba. Muka saka, ya kama ja, muka tayar, ya mutu kamar yadda ya kamata. Mita ta hau 27.9.

Kawu na wanke hannu ya tambayi inda tsofaffin batiran suke. Na faɗa masa. Ya ce da wuya in ba lafiyarsu ƙalau ba.

Yaran sun samu ɗinkinsu, amma sai ranar jajibere, kuma da bashin tela. Uwarsu har yau ba ta san ƙwan fitila ne ba, ta ɗauka altaneta aka canza.