Huka ce, in ji Inna

A Yamai aka sa wa Baba pil, 'yar na'urar da ke daidaita bugun zuciya. Kwana shida da komowarmu Kalfu, numfashi ya fara gagarar shi, balle in ya kwanta. Hunturu ne, ƙura ko'ina. Inna ta ce, "Huka ce, ɗiyata. Uba nai ma da ita ya rasu."

Kalmar ta tsaya mini a rai, wataƙila don aikina ke nan a jami'a. Mai huka ƙirjinsa kuka yake yi. Baba kuwa haki kawai, shiru, ga zufa cikin sanyi. Na yi gardama da Inna, abin da ban taɓa yi ba, muka ɗauki mota zuwa Tawa.

Likita ya duba da eko: jini ya taru cikin jakar da ke rufe zuciya yana matse ta, kan wayar pil ne ya huda bango. Ya ce wani lokaci huhu allura ke taɓawa, iska ta taru a ƙirji. Aka zuƙe jinin, aka maida mu Yamai gyaran waya.

Har yau Inna cewa take, "lokacin hukar Malam." Na bar gyara mata.