Da Amina Za Ta Farka a Katsina

Mu Katsinawa ba mu da wani babban dalili na yi wa Amina ta Zazzau guɗa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya faɗa cikin Infaƙul Maisuri cewa ta yaƙi ƙasashen nan har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji. Watau a wurin kakanninmu ita ƙurar dawaki ce da ake hangowa daga kudu, a ruga a rufe ƙofa. Amma yau ga shi an sa wa kwalejin 'yan mata sunanta a Kaduna, an sa wa ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello, mu ma da aka ci da yaƙi muna taya Zage-zagi alfahari.

Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne wani littafin zane-zane da wata 'yar ajinmu ta ara mini, irin wanda ake ba da labari da hotuna, magana na fita daga bakin mutane cikin ɗan da'ira. Sunansa Malika: Warrior Queen, wanda Roye Okupe, mutumin Ikko mazaunin Amurka, ya fitar a 2017. Ba a ɓoye ba cewa daga Amina aka ɗauko Malika. Ƙasarta ma Azzaz ake ce da ita, in ka karanta daga baya kuwa sai ka ji Zazza. Ta gaji sarauta a ƙarni na 15, ta haɗa kan ƙasa bayan yaƙin basasa, har rundunar Ming ta ƙasar Sin ta zo mata. Wannan duk na karanta shi kamar yadda ake cin gyaɗa. Inda na dakata shi ne kashi na gaba, inda aka jefo ta cikin shekarar 2025, ba gadon sarauta, ba runduna, tana ɓuya cikin mutanen da ba su san ko ita wace ce ba.

Turawa sun daɗe suna yi wa jarumansu wannan aika-aika. Wonder Woman, wadda aka fara zanawa a 1941, an yi mata nata a littafin Dead Earth na Daniel Warren Johnson, wanda ya fara fitowa a ƙarshen 2019. Ta farka daga barcin ɗaruruwan shekaru ta tarar duniya ta zama kufai, dodanni na farautar ɗan abin da ya rage na mutane, sa'an nan a hankali ta gane tana da hannu dumu-dumu cikin ɓarnar. A ganina a nan Ba'amurken ya fi Okupe ƙarfin hali. Malika ta rasa mulki, abin tausayi ne, amma tausayi kawai. Ita kuwa waccan an tilasta mata ta dubi abin da ƙarfinta ya haifar.

To, jama'a, mu fa? In mun duba da kyau, labaranmu na gargajiya ba su taɓa yi wa mace mai mulki kyakkyawan ƙarshe ba. Daurama tana mulkinta a Daura, baƙo ya zo ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya aure ta, daga nan sarauta ta koma hannun maza har yau. Amina kuwa an ce a kowane gari ta sauka sai ta zaɓi namiji ta kwana da shi, gari na wayewa ta sa a kashe shi, kuma ta mutu can Atagara nesa da gida, ba ɗa ba jika. Na sha tambayar kaina, shin wane ne ya fara ba da labarin mazan nan, kuma wa yake so ya tsorata da shi? Ina zaton 'yan mata ne, don kada wata ta sake sha'awar hawa doki. Ko lokacinta ma ba a bar mata shi lafiya ba: Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wasu masana kuwa suka kai ta ƙarshen ƙarni na 16.

Amma akwai wani duhun da ba mu cika son taɓawa ba. Tarihin Kano ɗin nan ya ce shekara 34 ta yi tana yaƙi, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da goro 10,000 da babanni 40. Mukan karanta wannan a aji mu wuce, kai ka ce lissafin kayan lefe ne. Alhali kuwa mutum 40 ne, kowannensu akwai uwar da ta haife shi, an raba shi da gida, an yi masa abin da ba ya gyaruwa, don a faranta wa jarumarmu rai. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya fito a 2021 na kalle shi, na ga dawaki da takubba, ban fito da wannan tambaya a raina ba.

Da ina da hannun zane, a Katsina zan farkar da ita, ba a Zariya ba, don a nan ba wanda zai zube mata. Za ta nemi ganuwa, ita da ake jingina wa ginin ganuwa ko'ina, ta tarar yawancinta ta zube, an yi gidaje da shaguna a kai, ƙofofin kamar Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya sun zama na siminti, motoci na ratsawa. Hasumiyar Gobarau ce kaɗai watakila za ta ɗaga kai ta duba. Daga nan sai in bi da ita kudu, zuwa Ƙanƙara, inda a daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga a kan babura suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana suka shiga daji da su.

Mai karatu zai so ta zare takobi ta bi sawu, kuma na san shafin da zai fi sayuwa ke nan. Ni kuwa zan fara zaunar da ita tukuna a tsakar gidan wata uwa da ke jiran ɗanta. Uwar ba ta san ta ba. Za ta ba ta ruwa, ta kwatanta mata yadda suka zo da dare, da yawa, suka tattara na tattarawa suka kora gaba kamar shanu. Ba zan sa wa Amina ko kalma ɗaya a wannan shafi ba, fuskarta kawai zan zana, don ta san wannan dabarar yaƙi sarai, da dawaki ta yi tata.