Malamar ranar Asabar

A majami'ar Katolika ta wata unguwa a Damagaram akwai wata mata, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ɗauki nauyin koya wa yara addini kowace Asabar da la'asar, ba tare da an biya ta ko dala ba. Limamin majami'ar ne ya yi shela bayan Misa cewa ana neman mai taimako, jama'a suka yi tsit, ita kuwa ta ɗaga hannu. Littafin katekisim da aka miƙa mata da Faransanci yake.

A nan wuyar ta fara. Iyayen yaran da dama asalinsu Benin ne, ko Togo, ko Burkina Faso. Kaɗan daga cikinsu Arawa ne na wajen Dogon Dutsi. A gida kowa da harshensa, a lakwal Faransanci, amma wasa da faɗa da ciniki duk da Hausa suke yi. In ta karanta musu darasi da Faransanci sai su maimaita tsaf kamar aku, ba wanda ya yi tambaya. Ranar da ta juya darasin da Hausa, tambayoyi suka yi mata yawa.

Dalili shi ne Hausa ba ta da wata rumbun kalmomi da ta keɓe wa Kirista. Allah, mala'ika, annabi, zunubi, tuba, addu'a, azumi, aljanna: duk ta hanyar Musulunci suka shigo, kuma da su aka fassara Littafi Mai Tsarki tun fitowarsa cikakke da Hausa a 1932. Yaron da ya ji an ce azumi, abin da ya sani shi ne sahur da buɗa-baki na gidan maƙwabta. Sai ta zauna ta bayyana masa cewa azumin kwana arba'in kafin Ista wani abu ne daban: rage ci, barin nama ranar Juma'a, ba da sadaka. Wata yarinya ta tambaye ta ko Annabi Isa da ƙawayenta ke ambata shi ne Yesu. Malamar ba ta kauce ba. Ta ce mutum ɗaya ake nufi, ɗan Maryamu, amma abin da Kirista suka gaskata game da shi ya bambanta da abin da Musulmi suka gaskata, kuma faɗin haka ba zagi ba ne. Masu koyarwa da yawa kan gudu daga irin wannan tambaya, don tsoro ko don kunya. Kuskure ne, domin gobe a bakin famfo yarinyar za ta sake jin ta, babu malama kusa.

Ikilisiyar ƙarama ce a Nijar. Mishan na farko an kafa shi a Yamai a 1931, kuma sai a 2001 aka ware yankin bishop na Maraɗi, wanda ya haɗa har Damagaram da Tawa da Agadas. Limamai kaɗan ne, ƙasa kuwa da faɗi. Saboda haka galibin abin da yaro zai sani na addininsa daga bakin irin wannan mata yake fitowa.

A watan Janairu 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo. Wasu iyalai sun bar gari, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. Da aji ya sake haɗuwa a gindin bedi, ba a cika rabi ba. Darasin da littafi ya tsara a lokacin na gafara ne. Ta yi tunanin tsallake shi, sannan ta koyar da shi, ta kuma sa kowane yaro ya faɗi sunan maƙwabcin da ya buɗe musu ƙofa a wannan rana.