Dajin Amurka a Murhun Ingila

Muna dab da garin Selby a arewacin Ingila na hango wasu hasumiyoyi 12 tsaye a tsakiyar gonaki, kamar manyan rumbuna, farin tururi na tashi daga bakinsu. Mai masaukina ya rage gudu ya ce, "Malam, ga tashar Drax nan. Wannan tururin ruwa ne kawai. Hayaƙin ta wancan dogon bututun yake fita."

Da kwal tashar ta fara ba da wutar lantarki a 1974. Daga 2013 aka soma juya injinanta zuwa ƙona itace, har huɗu daga cikin shida suka koma, sannan aka bar kwal ɗungurum a 2023. A gida mai masaukina ya ɗebo min irin makamashin daga buhun da yake zuba wa murhunsa na ɗumama ɗaki. Garin katako ne aka matse aka cura, kowane ɗaya bai kai gaɓar yatsa ba, ga santsi, ga ƙamshin shagon kafinta. Irinsa tashar ke ƙonawa, wajen tan miliyan 7 a shekara, mafi yawansa daga kudancin Amurka da Kanada. Jiragen ruwa su sauke a Immingham ko Liverpool, jiragen ƙasa su kwasa dare da rana.

Na tambaye shi yaya ƙona itace ya zama makamashi mai tsafta. Ya ce a ƙa'idar lissafin da ƙasashe ke bi, iskar kabon ɗin ana rubuta ta ne a kan ƙasar da aka sare bishiyar. Saboda haka a littafin Birtaniya abin da bututun ke fitarwa sifili ne, kuma a kan haka gwamnati ke ba da tallafi. Kamfanin da ke da tashar na cewa ragowar katako da rassa yake amfani da su, kuma sabbin bishiyoyi za su tsotse iskar idan sun girma.

Nan gizo ke saƙar. Bishiyar da ta ƙone cikin ƙiftawar ido sai an yi shekaru gommai kafin magajiyarta ta kai girmanta, iskar kuwa tana sama tana ƙara wa duniya zafi. A 2021 masana kimiyya sama da 500 suka rubuta wa shugabannin duniya suna gargaɗi a kan haka. A 2022 binciken BBC ya nuna kamfanin na sare tsohon daji a yammacin Kanada. A 2024 kamfanin ya amince ya biya fam miliyan 25 bayan hukumar kula da makamashi ta Ofgem ta gano kurakurai a bayanansa kan asalin katakon. Can garin Gloster na jihar Mississippi, inda ake cura shi, talakawa ne ke shaƙar gurɓatacciyar iskar masana'antar. Duk da haka, a 2025 gwamnati ta tsawaita tallafin zuwa 2031, ko da yake ta rage shi.

Da daddare na tuna mahaifiyata a gindin murhu, tana lissafin itacen da zai kai mu ƙarshen mako. Mu da muka ga yadda daji ke ja da baya a kan idonmu mun san bishiya ba ta dawowa da alkawari. Ina fata masu riƙe da alƙalamin lissafin nan su ƙirga hayaƙin a inda ya tashi.