Unguwar da ke Bayan Otal-otal

Ɗan ci-ranin da ya baro Maradi ko Tawa ya sauka kurmi, idan ya samu hutun Lahadi a Abijan, sau da yawa Garan-Basam ake kai shi ya ga teku. Tafiyar kilomita 40 ce wajen gabas. Motoci na sauke jama'a kusa da gada, a tsallaka tafki, a faɗa wani siririn tudun rairayi wanda ruwa ya sa a tsakiya: tafki a arewa, tekun Atlantika a kudu. Baƙo yakan bi jerin otal-otal da rumfunan ganyen kwakwa, ya sha iska, ya ɗauki hoto, ya juya kafin magariba. Kaɗan ne ke ƙara ƴan takawa zuwa gabas, inda manyan benaye suke ƙarewa, hanyoyi su ƙuntata, warin bandar kifi ya maye gurbin ƙamshin gasasshen nama. Nan ce unguwar mutanen Nzima.

Garin da ake zuwa kallo Faransawa suka gina shi. Sun kafa sansani a wurin a 1843, sannan a 1893 suka mai da shi babban birnin mulkin mallakarsu na Kodibuwar. Sun tsara shi kashi-kashi: wajen gidajen Nasara, wajen ofisoshi, wajen kantuna, sai kuma can ƙarshe mazaunin baƙar fata. A 1899 annobar shawara ta yi wa Turawan kisan kiyashi, abin da ya sa a 1900 suka kwashe mulki zuwa Banjarbil. Kasuwanci ya ɗan jima, domin jiragen ruwa sun ci gaba da lodin katako da koko a gadar ƙarfen da aka miƙa cikin teku. Daga baya Abijan ta janye komai. Gwamna ya tafi, ƴan kasuwa suka bi shi, itatuwa suka tsiro cikin benayen da aka bari. Mutanen unguwar gabas kuwa ba su da inda za su, kuma ba su nemi zuwa ko'ina ba.

Rayuwarsu a kan ruwa take. Tekun wannan gaɓa mugu ne, igiyarsa takan fashe da ƙarfi daf da rairayi, ta ja wanda bai san ta ba. Masu otal suna gargaɗin baƙi kada su yi nisa, amma ta cikin wannan igiya masunta ke tura kwale-kwalensu da asuba, da yawansu Fanti ne daga Gana da suka daɗe da zama tare da ƴan gari. Idan aka jawo taru, mata ke karɓa. Su ke wanke kifin, su jera shi bisa waya a kan murhu, su yi ta fama da hayaƙi har idanu su yi ja. Da kuɗin wannan banda ake biyan lakwal ɗin yara, da shi ake sayen magani. Mai kwance a kujerar otal yana iya hango hayaƙin, sai dai da wuya ya tambayi abin da ake dafawa.

Babbar cutar da aka yi wa unguwar daga nesa ta zo. A da, kogin Komowe a Basam yake faɗawa teku. Da aka haƙa mashigin Biridi a 1950 don jiragen ruwa su shiga Abijan, ruwan kogin ya samu wata hanya ta cikin tafki. Ƙarfinsa a tsohon bakin ya ragu, teku ya yi ta tara rairayi har ya toshe shi. Ruwan gishiri ya daina shiga yadda ya saba, kainuwa da ire-irenta suka rufe fuskar tafki, kamun kifi ya ja baya. Idan damina ta yi ƙarfi kuma, ruwa ya rasa mafita. Haka ta faru a watan Oktoba na 2019, lokacin da ambaliya ta shiga gidaje, mutane suka riƙa yawo da kwale-kwale a kan titunan da suka saba takawa. Bayan haka ne gwamnati ta ƙaddamar da aikin sake buɗe bakin kogin, kusan shekara 70 bayan tashar Abijan ta fara cin ribar toshewarsa.

Duk da haka, sau ɗaya a shekara unguwar ce ke zama tsakiyar gari. A ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ake bikin Abisa. Ana fito da ganga mai alfarma, zuriyoyi 7 na Nzima su hallara a dandali, a shafa farar ƙasa a fuska, maza su yi shigar mata. Mawaƙa suna da izinin faɗa wa manya laifinsu a bainar jama'a, a gaban sarki, ba tare da an hukunta su ba, sannan a yafi juna a shiga sabuwar shekara. Wanda ya taɓa ganin wasan kara a Damagaram, inda talaka ke kwaikwayon mai mulki har mai mulkin ya yi dariyar dole, zai gane hikimar. Al'umma takan ware wa gaskiya ranarta don kada ƙullin zuci ya ruɓe a ciki.

Tarihin siyasa ma ya bi ta wannan rairayi. A Disamba 1949 mata suka yi tattaki daga Abijan don neman a saki shugabannin jam'iyyar RDA da aka tsare a kurkukun Basam, cikinsu har da marubuci Bernard Dadié. An tare su da duka da ruwan famfo a bakin gada, wadda yanzu ake kira Gadar Nasara, wato ta cin galaba. A 13 ga Maris 2016 kuma ƴan bindiga suka buɗe wuta a bakin tekun, suka kashe mutum 19. Baƙi suka ɗauke ƙafa na wani lokaci, kuma masu sayar da kwakwa da masu sassaƙa da masu banda suka ji a jikinsu, su da ba su da wani asusu a banki.

A 2012 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya, kuma ta haɗa da ƙauyen Nzima a cikin iyakar. Wannan adalci ne. Amma gini ya fi mutum sauƙin adanawa. Fadar gwamna ta zama gidan tarihin tufafi, ana shafa mata fenti, ana karɓar kuɗin shiga. Matar da ke banda tana bukatar kifi a tafki, da gaɓar da ruwa bai cinye ba, da filin da mai otal bai zagaye da katanga ba.

Tambayar ta shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu na nan gida, tunda tsohon garin Agadas ya shiga wannan jeri a 2013, kuma Birnin Damagaram na da masu yi masa fata. Kafin a kirga soraye da zanen bango, ya kamata a kirga magina da masu jima da ƴan koli da ke kwana a bayansu, a tambaye su abin da zai sa ƴaƴansu su zauna.