Sunayen da Ba Sa Cikin Takardar Sauyi

Daga Mararraba muke gaishe ku a wannan makon, garin jihar Nasarawa da ke manne da iyakar Abuja.

A gidanmu ba agogo ne ke tashinmu ba, ƙarar murfin tukunyar Umma ce, tun kafin kiran sallar farko. Shekara tara ta yi tana sayar da abinci a wata rumfa a ƙofar wani kamfani mai zaman kansa a Wuse, kuma a wannan kamfanin Yayanmu yake tuƙi. Da ribar shinkafa da wake da ɗan albashin Yaya aka biya mana kuɗin makaranta, mu ƙannensa biyu, har muka karɓi difloma.

Wata Juma'a Yaya ya dawo tun kafin la'asar, ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Kamfanin ya yanke shawarar mayar da hedikwatarsa Legas, wai can tashar jiragen ruwa take, can manyan abokan cinikinsa suke. An liƙa takarda ɗauke da sunayen waɗanda za su tafi, da kuɗin mota da na masauki. Direbobi da masu gadi da masu shara kuwa, da yake ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke su, godiya kawai aka yi musu.

Umma ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Yayansu, mu kuma fa?"

Ya ce, "Umma, mu ba ma cikin takardar."

Kafin wata biyu mai dafa mudu goma ta koma dafa uku, ukun ma sai an dawo da saura. Mai shayin da ke kusa da ita ya naɗe teburinsa, mai wankin mota ya koma garinsu.

Muna cikin wannan hali ne, a watan Janairun 2024, labari ya ɓulla cewa Babban Bankin Najeriya zai mayar da wasu sassansa Legas, ciki har da sashen da ke sa ido kan bankuna. Hujjarsa ita ce ginin Abuja ya yi wa ma'aikata kaɗan, kuma yawancin bankunan da ake sa wa ido hedikwatarsu na Legas. A watan dai aka sanar cewa hukumar filayen jiragen sama, FAAN, ita ma za ta koma can, alhali a 2020 ne tsohon minista Hadi Sirika ya umarci hukumomin sufurin sama su tattaro su dawo Abuja. Ƙungiyar ACF ta yi tir da matakin, Sanata Ali Ndume ya yi gargaɗin cewa abin zai yi tasiri a siyasa, shi kuma Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya taɓa riƙe bankin, ya ce matakin bankin daidai ne. Fadar shugaban ƙasa sai da ta fito ta musanta cewa ana shirin mayar da babban birni Legas.

Mu ma mun shiga muhawarar a Facebook, mun yi zafi, mun ce ana yi wa Arewa zagon ƙasa. Sai dai da muka ajiye waya muka dubi tukwanen Umma a kife, sai muka lura cewa duk wannan hayaniyar a kan kujerun manya ake yin ta. Ba mu ci karo da wanda ya tambayi makomar masinja ko mai sayar da ruwa a bakin geti ba.

Abin da muka manta shi ne Mararrabar da muke ciki ita kanta ƙaura ce ta cika ta. Janar Murtala Muhammed ne ya sanar da kafa sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Babangida kuma ya tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Ma'aikatu suka taso daga Legas, kamfanoni suka biyo su, masu neman abinci irin iyayenmu suka biyo kamfanonin. An tanadi Maitama da Asokoro don manya. Talaka kuwa sai ya nemi inda kuɗinsa zai kai shi: Nyanya, Kubwa, Suleja, Mararraba, Masaka. Rusau ɗin da aka yi lokacin ministancin Nasir El-Rufai, da hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, sun ƙara turo jama'a wajen gari.

Sakamakon yana kan titin Abuja zuwa Keffi kowace safiya. Tafiyar da ranar Lahadi ba ta kai rabin awa ba, ranar Litinin sai ta cinye awa biyu tsakanin Mararraba da gadar Karu da Kugbo zuwa AYA. Da yamma cunkoson ya juya baya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motar ma ya zama wani haraji na kullum.

Gidan haya kuma nasa salon daban ne. Idan ofis ya zo, haya ta tashi. Idan ofis ya tafi, ba ta sauka. Mun ɗauka tafiyar ma'aikata za ta sa mai gidanmu ya sassauta, sai ga shi da ƙarin kuɗi, kuma na shekara guda cur yake so a dunƙule. Ya ce ma'aikacin da aka tura Legas bai kwashe iyalinsa ba, ga kuma sababbin baƙi kullum suna sauka a tasha. Da Yaya ya yi tunanin bin kamfanin da kansa, wani abokinsa da ke Agege ya lissafa masa kuɗin ɗaki da na dillali da na yarjejeniya, sai jikinsa ya yi sanyi. Wato su ma talakawan can za su ɗanɗana abin da muka ɗanɗana, ƙarin motoci da ƙarin haya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A siyasance kuwa mun zama 'yan rakiya. Guminmu a Abuja yake zuba, inda babu gwamna sai ministan da aka naɗa. Kwananmu a ƙaramar hukumar Karu, inda da yawa daga maƙwabtanmu ba su da rajistar zaɓe, domin ana gobe zaɓe kowa ke kama hanyar garinsu. Wanda ba ya jefa ƙuri'a a unguwa da wane baki zai nemi kwalbati ko famfo? 'Yan asalin wurin, irin su Gbagyi, su ma suna da nasu ƙorafin, gonakinsu sun zama filotai, baƙi sun fi su yawa a ƙasar kakanninsu.

Ba mu ce kada kamfani ya je inda cinikinsa yake ba. Amma duk lokacin da aka sanar da ƙaura, kafin mu rabu gida biyu, Arewa da Kudu, ya kamata mu tambaya: ma'aikatan kwangila nawa za a sallama, me za a ba su, kuma garin da za a koma yana da titi da gidajen da za su ɗauki baƙin?

Yanzu Yaya yana jan motar haya tsakanin Masaka da AYA, yana kai wa mai motar balas kullum. Umma ta dawo da rumfarta bakin titin Mararraba, tana sayar wa waɗanda cunkoso ya tsare da safe ƙosai da kunu. Mu kuma mun yi alkawarin da zarar an buɗe rajista za mu dawo da katin zaɓenmu Karu, tunda a nan muke kwana, a nan muke biyan haya.

Allah Ya buɗa mana baki ɗaya. Wanda irin wannan ƙaura ta taɓa gidansu, muna jiran labarinsa a ƙasa.