Lemun tsamin Gwaggo, da abin da ya koya mini

Harin 3 ga watan Yunin 2016 ya watse garin Bosso ana saura 'yan kwanaki a kama azumi. Wasu suka tsaya Tumur, wasu suka kafa bukkoki a bakin kwalta, mu kuma muka ƙaraso cikin garin Diffa wurin dangi. Tun Fabrairun 2015 dokar ta-ɓaci ta riga ta taƙaita cinikin tattasai da na kifi, abubuwa biyun da gidajen bakin kogin Komadugu ke ci da su, don haka hannu ba komai muka iso. Gwaggona ta ari kula, ta sayi buhun leda, ta fara haɗa ruwan lemun tsami na buɗa-baki. Ni ne ɗan aikenta, ni ke matsa, ni ke nemo ƙanƙara.

Abin da na fara lura da shi, masu sayarwa da yawa sukari suke jiƙawa su ɗiga masa lemu don ƙamshi. Ka sha, minti kaɗan ƙishin ya dawo. Gwaggo kuwa awo take yi da ƙaramin kofin shayi: biyu na ruwan lemu, ɗaya da rabi na narkakken sukari, a litar ruwa guda. Idan na ce a ƙara zaƙi don masu saye, sai ta ce, "Kai ɗan nan, mai azumi ruwa yake nema, ba alewa ba." Kuma ba ta zuba sukari tsagwaronsa a ruwan sanyi, domin ƙasa yake kwanciya, na farko ya sha tsami, na ƙarshe ya sha zaƙi. Tun hantsi take narkar da shi a wuta, kofin sukari ɗaya da kofin ruwa ɗaya, ta ajiye ya huce.

Lemun kansa sai la'asar sakaliya ake taɓa shi. Wannan ne darasin da ya fi tsada, domin kowa na son ya gama aiki da wuri ya kwanta. Ruwan lemun tsami idan ya daɗe a matse ɗaci yake yi, kuma a zafin Diffa na sama da digiri 40 ba ya jira. Masana sun ce wani sinadari ne mai suna limonin ke taruwa a cikinsa bayan an matse. Gwaggo dai cewa take ya kwana ko da bai kwana ba. Ba a dafa shi, zafi na rage bitamin C ɗinsa ya kuma kashe ƙamshin. Ba a barin shi cikin tukunyar dalma, tsamin na cin ƙarfen har a ji a baki. A kasuwa mai santsin baya da nauyi a hannu ake zaɓa, a murza shi a faranti kafin a yanka, a matsa ba da mugunta ba, don farin ɓargon nan na ciki shi ma ɗaci ne.

Koren ɓawon da muke zubar wa awaki kuwa, a nan rabin daɗin yake. A kankare koren kawai, a cuɗa da sukari, a rufe kamar awa guda. Sukarin zai jawo man da ke jikin ɓawon, ya yi danshi, ya yi ƙamshin da ruwan lemun kaɗai ba ya bayarwa.

Daga baya, da na fara karance-karance, na ga cewa shahararrun haɗe-haɗen da ake sayarwa da tsada a manyan otal-otal na duniya a kan wannan ginshiƙi suke: tsami, zaƙi, sanyi. Mojito na ƙasar Kuba lemun tsami ne da sukari da na'a-na'a da ruwan soda. Margarita ta Meziko gishiri ake shafa wa bakin kofinta. Bambancin shi ne su suna zuba giya, mu kuwa addini da tarbiyya sun raba mu da ita, kuma ban ga abin da muka rasa ba. A Masar lemu da na'a-na'a ake markaɗawa ba ɗigon giya, a Indiya ana sa masa gishiri a sayar a bakin titi. Ɗan gishirin nan, wanda yatsa biyu za su ɗauka, yana danne ɗaci, yana kuma mayar wa jiki kaɗan daga abin da gumi ya kwashe. Na'a-na'a kuma ba a daka ta a turmi, a tafin hannu ake ɗan buga ta a jefa.

Ƙarin da ni na yi shi ne tattasai. Mutanen Meziko suna haɗa lemu da gishiri da barkono, mu kuma ga jan tattasan Komadugu da ake loda wa motoci zuwa kasuwannin Najeriya. Garinsa kaɗan cikin gishiri, a shafa a bakin kofi, tare da ruwan citta ɗanya cokali biyu. Gwaggo ta ɗanɗana ta yi shiru, sannan ta ce, "To, ba laifi, amma kar ka sa wa tsofaffi."

Saura ƙanƙara, kuma a nan ba na sassauci. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cutar kwalara, tsamin lemun da aka tsarma da ruwa mai yawa ma ba abin dogaro ba ne. Idan ba ka san ruwan da aka daskarar ba, kada ka fasa ledar ƙanƙarar. Jefa ta a ɗaure cikin kula ta sanyaya abin sha daga waje. Hakan ma ya fi, domin lemun ba zai salance ba.

Mai karatu, kafin ka sake sayen garin lemun leda mai launi, gwada lemun tsami takwas a litar ruwa, ka rage rabin sukarin da ka saba zubawa.